Rakiyar Surukina Zuwa Agege

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da surukina, mahaifin matata. Wata uku ke nan wani ƙullutu ya fito masa a gaban wuya. Kowa ya ce maƙoƙo ne, amma maƙoƙo ba ya girma da gaggawa haka, ga murya ta dushe. Likitanmu ya tsikari wurin da allura ya duba, ya ce abin da ya gani bai saba ganinsa a nan ba. Ya haɗa mu da wasiƙa zuwa wani asibiti a Legas.

Har Abuja hanya ba laifi. Bayan Lakwaja kuwa ramuka suka karɓe mu, direba yana kauce musu yana tsine wa wanda ya yi kwangilar. A bakin gada masu soyayyen kifi na ganin hulunanmu suka ɗaga farashi. Duk inda aka tsaya, sai in sayo abinci in miƙa wa Baba da hannu biyu, in kewaya bayan mota in ci nawa. Haka aka rene mu, suruki ba ya ci gaban suruki. In na dawo na ga leda wayam, sai in ce alhamdu lillahi.

Mun kwana a hanya, washegari da la'asar muka sauka Agege. Motocin haya da ake ce wa danfo na ta ihu, ƙanshin burodi ya cika layi, 'yan goro na ciniki da Yarbanci, su juyo su gaishe ka da Hausar Kano. Masaukinmu gidan wata Hajiya ne, 'yar gwaggon Baba, wato taubashiyarsa. A nan aka haife ta, bakinta kuma ba linzami.

Ita ta yi mana tafinta a asibiti. Likitar ta ce ƙwayoyin halittar da aka gani a gwajin allura na ciwon daji ne, masu faɗi irin na fata da na cikin maƙogwaro. Da wuya ƙwarai irinsu su fara daga tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa. Dole a tabbatar ko daga maƙoshi, ko hanyar abinci, ko huhu suka yaɗo, don kowanne da maganinsa. Sai ta tambaya ko yana haɗiye abinci sosai.

Baba ya sunkuyar da kai. Ni sarkin iyayi na ce, "Ƙwarai kuwa, duk hanya ya ci."

Hajiya ta harare ni. "Kai oga, ka gani da idonka? Jiya tuwon nan yadda na kai haka na ɗauke. Burodi ya jiƙa a shayi, shi ma da wahala." Ta juya wajen Baba. "Broda, abeg faɗi gaskiya, nan ba gidan surukai ba ne."

A hankali Baba ya ce ya fi wata guda tuwo ba ya wucewa. Abincin hanya kuwa fasinjan kusa da shi ya riƙa ba. Wallahi kunya ta kama ni, da haushin kaina. Saura kaɗan ladabina ya ɓatar da likita.

Wannan amsar ta sa aka gaggauta komai. Aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, aka ɗauki hoton wuya da ƙirji, aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Kwana goma sha biyu muna jira, har na iya tsalle cikin danfo yana tafiya. Sakamako ya nuna daga tayirod ɗin ya fara, ya danne hanyar abinci. Likitar ba ta ɓoye mana ba, ciwo ne mai saurin ci. Ta sa ranar aiki, ta ba mu mako guda mu je gida mu shirya, ta ce kullum a lura da abin da ya shiga cikinsa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ɗan rakiyar mara lafiya ba ya kawar da kai. A dawowa ban kewaya bayan mota ba. Na zauna gabansa da kofin kunu, yana kallon ƙasa, ina kallon wuyansa.

Da muka iso, matata ta tare ni tun daga zaure. "Ya ci wani abu a hanya?"

Na ce, "Rabin kofi a Ibadan. A Lakwaja ya kasa."