Ledar Ƙarƙashin Gado

Shekara ashirin ke nan mutumin da unguwa ke kira Baƙin Yatsa yana sana'arsa: ya sassaƙa hoto a katako, ya shafa tawada, ya danna takarda da bayan cokali. Da katako ya yi tsada, sai ya gano ledar ɗakinsu ma tana sassaƙuwa. Ya riƙa yankowa daga ƙarƙashin gado, inda ido ba ya kaiwa.

Ranar baje kolinsa, baƙi suna ta yabon hoton wata tsuntsuwa, matarsa ta matso.

"Maigida, wannan daga ina?"

"Daga zuciya," in ji shi, yana dafa ƙirji.

"Allah sarki! Jiya na janye gado zan yi shara. Zuciyar taka siminti kawai ta bar mana."