Ƙyallen Kusurwa

'Yar farina ta faɗi lissafi a jarrabawar gama sakandare. Sauran darussan duk ta ci, amma makarantar koyon aikin jinya da take buri ba a shiga sai da kiredit a lissafi. Babanta ya ce ta sake zama, ta ce ita ta haƙura. Ban tofa ba. A gidanmu na Aujara haka muka taso, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jan shi a jiki a gaban mutane. Shekara goma sha bakwai ina ce mata "ke", in na ga abu na damunta sai dai in kai wa Allah kukana a sujada.

A kwanakin nan Inna, mahaifiyata, ta zo mana Dutse ganin likitan ido. Ita kam ba kunya tsakaninta da jikarta, wuni suke suna tsokanar juna.

Rannan bayan la'asar muna tsakar gida, ina kan keken ɗinki ina haɗa ragowar ƙyallayen atamfa zan yi rigar filo. Inna ta matsa wa yarinyar sai ta ɗauko littafin lissafin, wai tana son ganin dodon da ya kori jikarta da gudu. Ta ɗauko tana zumɓura baki, ta karanta: x sau x, a tara da x shida, ya ba da goma sha shida. Ta ce sunan abin cika murabba'i. Malaminsu ya ce a raba shidan biyu, a ninka rabin da kansa, a ƙara. Ta haddace tsaf, amma da ta shiga ɗakin jarrabawa sai ta rasa me ake rabawa, me ake ninkawa, domin ba ta taɓa sanin dalilin ba.

Ni kuwa na sani. Malamarmu ta aji huɗu ta taɓa zana mana shi a allo, hoton bai bar kaina ba har yau. Amma ta yaya zan zauna in koya mata, Inna na kallo? Sai na sauko kan tabarma, na ce wa Inna bari in nuna mata wani ɗinki.

Na yanko ƙyalle mai tsawo da faɗi ɗaya, na ce wannan shi ne x sau x. Na yanko wani mai faɗin yatsa shida, tsawonsa daidai da gefen na farkon. Na tsaga shi biyu a tsaye, uku-uku, na jera ɗaya a dama, ɗaya a ƙasa. Inna ta kanne idon mai ciwon, ta leƙa.

"Ai kin bar giɓi a kusurwa. Wa zai ɗora kai a kan wannan?"

Na tambaye ta girman ƙyallen da zai toshe giɓin. Ta auna da yatsunta, ta ce uku nan, uku nan.

"Tara ke nan," in ji yarinyar daga bayana, a hankali.

Ta durƙusa, ta ja littafin. Na yanka ɗan ƙyallen na ajiye a gurbinsa, abu ya tashi murabba'i cif, kowane gefe x da uku. Ina satar kallon rubutunta sai na ga ta ƙara taran a hagu, ta bar sha shidan yadda yake. Na ce wa Inna ta gaya mata ta duba ɗaya ɓangaren.

Inna ta yi dariya har da tari. "Ni 'yar aikenki ce? Ga ki ga 'yarki. Na kau da kai, ban gani ba."

Da gaske ta juya mana baya, ta kama jan carbinta.

Na matsa har kafaɗata ta taɓa ta yarinyar. Na ɗora yatsa a kan takardar, na ce, "Abin da kika ƙara a nan, ki ƙara a can ma, kada ki zalunci ɓangare ɗaya." Ta rubuta ashirin da biyar, ta ce ai biyar sau biyar ne, ta cire uku, ta sami biyu. Ta mayar da biyun cikin tambayar, ya fito sha shida daidai. Ba ta ɗago ba, ni ma ban ɗago ba, muka yi wasu guda huɗu kafin kiran magariba.

Washegari da ta kai wa babanta koko ta ce masa za ta sake zama. Allah Ya nufa ta samu kiredit ɗin.

Rigar filon tana wajenta a makaranta yanzu. Ƙyallen kusurwar kore ne, bai dace da sauran ba ko kaɗan. Na so in canza shi kafin ta tafi, ta hana.