Mai Eriya a Kan Iyaka

Ga wani dattijo a ƙofar ofishin kan iyaka, wandonsa duk ƙarangiya, yana ɗaga eriya sama kamar mai roƙon ruwa. Na ce, "Baba, ƙwallo kake kamawa? Ci nawa?"

Ko murmushi. Wai kyarkeci yake bi, uwar garke da ya ɗaura wa na'ura a wuya. Ina jin ya fi sanin 'ya'yanta da nasa. Ita ta tsallaka ba fasfo, shi kwanansa huɗu yana jiran hatimi, alhali ƙasashen biyu sun yi yarjejeniyar kiyaye irinta.

Ya manna mini rediyon a kunne: ƙit-ƙit-ƙit, da sauri.

"Gudu take yi ke nan?"

"A'a, ɗana. Haka yake yi in ta daina motsi."