Lusiya, wadda ta bar tsere a tsakiya

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Lusiya, kuma ban ga wata jarida, tasu ko tamu, ta tuna da ita ba. To ni zan tuna. Baturiya ce 'yar Italiya, matuƙiyar jirgin tsere irin wanda iska ke turawa, ni kuwa tsohuwa ce a Utaibiyya, cikin Makka, garin da ba ta taɓa takawa ba, ba kuma za a bar ta ta taka ba. Duk wanda ya ji na ce ƙawata ce, sai ya dube ni kamar na fara ruɗewa.

Mu mutanen Yawuri ne. Mun fito aikin Hajji da ƙafa, mijina ya rasu a Sudan, muka iso Masawa a bakin Bahar Maliya ni da Inna da ɗana Habibu yana goye. Bayan yaƙin Turawa ne, Italiyawa na nan da saura a garin. Ba mu da takardar ƙetarewa, sai muka zauna, na kama ɗinkin shira'i, wato babban zanen da ake ɗaga wa jirgi ya kama iska. A nan Lusiya ta same ni. Ta kawo shira'inta ya yage, ta tsaya a kaina tana gyara mini hannu har na ce mata ta karɓi allurar ta yi da kanta. Dariya ta yi, ta dawo washegari.

Jirginta na mutum biyu ne. Ɗaya na riƙe da sandar tuƙi, ɗaya na jan igiya yana rataya jikinsa waje don kada iska ta kifar da su. Mazan kulob ɗinsu na masu jiragen tsere ba mai yarda mace ta ba shi umarni, matansu kuma tsoron jiƙewa suke. Ni da na tashi cikin kwalekwale, ruwa bai dame ni ba. Inna ta yi ta faɗa: "Ke ɗiyag ga, in kin nutse wa za shi riƙe min yaron ga?" Amma abin da nake samowa shi ke ciyar da mu, dole ta haƙura.

Kada a ɗauka mace ce mai sanyin hali. A tudu tana da kirki, a ruwa kuwa masifaffiya ce ta ƙarshe. Da Larabcinta na Masawa take zagina, in rama da Hausa, kowa ya huce. Ba ta iya shan kaye ba ko kaɗan. Ranar da muka zo na biyu, kwana take ba ta ci abinci ba. Shekara uku muna tare, muka riƙa wuce maza har suka daina yi mana dariya suka koma binciken jirginmu, wai ko akwai wani abu a ɓoye.

Kwanan baya jikata Suwaiba, wadda Hausarta sai a hankali, ta kira ni gaban talabijin a gidansu da ke Rusaifa. "Ya jadda, shufi, mata suna sibak a ruwa!" Wato Kaka, duba, mata na tsere. Na duba, ga mata da tseren kansu, da tutar ƙasa, da masu koyar da su suna bin su a jirgin inji. Na san abin da Lusiya za ta yi da ta gani. Murnar minti ɗaya za ta yi, sannan ta fara kushe yadda ta gaban take juya jirgi. A zamaninta babu tseren mata. In mace na son zuwa babbar gasa a Italiya, sai ta kada maza a tseren zaɓe, kuma mutum ɗaya ake ɗauka daga Masawa. Lusiya ta haura arba'in lokacin, ta kuma san ba za ta sake samun wannan ƙofa ba.

Ranar tseren zaɓen ta faɗo daidai da ranar tafiyarmu. Inna ta shirya da wani mai sambuk, babban jirgin katako mai ƙetarar da alhazai a ɓoye, ya ce sai bayan la'asar zai tashi daga bayan wani tsibiri. Tseren da safe ne. Na ce su shiga tun da wuri ita da Habibu, ni zan same su da azahar. Lusiya ta san shirin, har ta san jirgin, don ni na ɗinke masa wani jan faci a shira'i.

Muka fara, muka wuce kowa. Mun zagaya gangar ƙarshe da aka kafa a ruwa, saura mu miƙe zuwa inda alƙalai suke. Ni ina rataye a waje, bayana ga teku, idona na kan igiya. Ita ce ta hango. Mai sambuk ya ji ƙishin-ƙishin 'yan sanda, ya ɗaga tun kafin lokaci, ya nufi tsakiyar ruwa da uwata da ɗana a ciki. Ban gani ba, kuma da ta yi shiru ba zan gani ba sai mun gama. Kafin nan sun kai inda ƙaramin jirgi ba ya zuwa, irin wannan tafiya kuma ba ta da adireshi. Na san mata a nan Makka da suka rabu da 'ya'yansu a wannan gaɓa, har suka mutu suna cigiya.

Sai na ji ta ce, "Saki igiya, Hauwa." Na ce ta haukace ne? Ta daka mini tsawa, na saki, jirgin ya juya. Jiragen da muka bari a baya suka zo suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko waiwaye su ba. Ban taɓa ganin ta yi tuƙi irin na ranar ba. Muka cim ma sambuk, aka jefo igiya aka jawo ni sama kamar buhun gero, Habibu na ihu. Da na leƙo, ta riga ta juya, ita kaɗai a jirgin mutum biyu, tana fama da iska.

Ban sake ganinta ba. Na zo Makka na koma ɗinkin tantunan Mina, na yi aure, na tsufa nesa da ruwa. Labarin sauran rayuwarta wata 'yar Masawa ce ta ba ni, wadda ta yi mata aiki har Italiya, da ta zo Hajji. Ta ce Lusiya ta koma gida, ta shiga ƙananan gasa, ta koyar da yara, amma babbar gasar ba ta taɓa zuwa ba. Na tambaye ta ko ta manta da ranar. Ta ce ina! Har ta kwanta ciwon ajali, in aka taɓo zancen sai ta buga tebur ta ce, "Mu ne a gaba. Da mun ci."

Wannan ya fi komai taɓa ni. Da a ce cin tseren bai dame ta ba, da abin da ta yi ƙarami ne. Ya dame ta, ya ci ta har ƙarshen ranta, kuma tana sane da haka lokacin da ta juya sandar. Malamai sun faɗa mini iyakar abin da zan roƙa wa wadda ba Musulma ba, ban yi musu ba, hukuncinta yana wurin Allah. Amma shaida ba a hana ni bayarwa ba. Ba ta da kofi, ba ta da suna a cikin waɗanda suka ci. Habibu dai ya tashi da uwarsa.