Injiniyan Yaba da Hotunan Kaka

A wani ofis a unguwar Yaba, Morenike tana zaune gefen wani ƙosasshen mai rubuta manhaja, gemunsa duk burbushin ƙosai. Hotunan marigayiya kakarta ta kawo cikin filashi, 'yar ma'ajiyar da ake jonawa da kwamfuta, a jera mata su bisa shekaru, don gobe ne taron tunawa da ita. Ƙaninta ya ce 'yan layuka na Python, yaren rubuta manhaja mai sauƙi, sun isa.

"Sista, ni ba na rubutun 'yan koyo," in ji shi, yana lasar yatsa. "Da yaren Java za mu yi, a tsare. Sai na kafa kayan haɗa aikin tukuna."

"Oga, hotuna ne fa, ba banki ba."

"Ai shi ya sa ba ke ce injiniya ba."

Tun hantsi kwamfutar ke sauke kayan nasa, ga la'asar ta yi. Madannai sai ƙyallin mai suke yi. A ranta tana cewa, wannan ko shayi matarsa ta ce ya dafa, sai ya fara haƙa rijiya. Can ta lura da abin da yake susar kunne da shi, ya lumshe ido don daɗi. Filashinta ne, mai ɗauke da fuskar kakarta. Ko jona shi bai yi ba.