Ba Mbarak, Mai Rabon Ruwa a Garin da Ruwa Ya Ƙare

Shekara arba'in da ɗaya, duk wanda ya fito daga sallar asuba a Timzurin ya san abin da zai fara gani: Ba Mbarak ya ɗage jallabarsa zuwa gwiwa, fartanya a kafaɗa, ya nufi magudanar da ke kawo mana ruwa daga kogi. Ba ya tsayawa shan shayi da mu. Sai ya bi magudanar tun daga bakin kogi har gonar ƙarshe, yana kwashe yashi da busassun ganyen dabino, yana toshe inda ɓera ya yi rami. Daga nan ya shigo gari, ya bi ƙofar duk gidan da ke da rabo a ranar, ya kira mai gidan da sunansa: "Wane! Yau ruwanka ne, kada ka ce ban faɗa ba!"

Sannan ya zauna a inuwar katangar masallaci da bokitinsa da ɗan kwanon tagulla mai huji a gindi. Ya ɗora kwanon a kan ruwan bokiti. In ya cika ya nutse, awo ɗaya ya tafi ke nan, sai ya yi ƙulli a jikin ganyen dabino. Wani gida awo shida ne rabonsa, wani goma, yadda kakanni suka bari. Ladansa kuwa dabinon da kowace gona take ba shi da kaka, sai kuma zagi, wanda shi ba ya jiran kaka.

Ni mai kanti ne. Shayi da sukari da sabulu nake sayarwa daura da masallaci, saboda haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi.

A gabana Addi ya zo wata hantsi yana huci. Shi da wansa Muha gonarsu ɗaya ce da, gado ya raba ta, ya raba su.

"Kai tsohon nan, ka faɗaɗa hujin kwanonka ne? In rabon Muha ne sai ya yi ta shawagi kamar agwagwa, in nawa ne ya nutse kamar dutse!"

Ba Mbarak bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Si Addi, kwano bai san ka ba. Da ya san ka, da tuni ya nutse bai sake fitowa ba."

Muka yi dariya, shi kuwa Addi bai yi ba. Ya wuce gona ya fara fasa shingen laka don ya juya ruwan wansa zuwa nasa ɓangaren. Muha ya taho da shebur. Kafin mu isa, Ba Mbarak ya riga mu, ya shiga tsakaninsu ya zauna daram a cikin lakar, ya toshe wurin da jikinsa, ya ce duk mai son ruwa ya fara ta kansa. Shebur ɗin da aka ɗaga don kan Addi a kafaɗar Ba Mbarak ya sauka. Da jandarmomi suka zo bincike, ya ce musu santsi ne ya kwashe shi. Har yau in zai yi kabbara hannun hagunsa ba ya kai kunne. 'Yan'uwan nan biyu ba su shirya ba, kada in yi muku ƙarya, amma ba a kai ɗaya kabari ɗaya kurkuku ba.

Kai ne ka yi wannan, Ba Mbarak, kuma ba ka taɓa ba da labarinsa ko sau ɗaya ba.

Sai damina ta fara ƙin zuwa. Shekara shida a jere. A can sama da mu kuma masu hali suka zo suka share fili suka shuka kankana, suka haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfin da kakanninmu ba su taɓa mafarki ba. Ruwan da yake zuwa mana kullum ya koma mako-mako, ya koma sai an sako daga madatsar ruwa, sau uku ko huɗu a shekara. Sau huɗu Ba Mbarak yana hawa motar haya zuwa birni da takardar kokenmu, duk mun dangwala mata yatsa. Kowane zuwa a ba shi kujera, a ba shi shayi, a karɓi takarda. Samari suka fara tafiya, wasu Kazabulanka aikin gini, wasu suka hau teku. Makarantarmu mai aji shida ta koma aji ɗaya, daga baya aka sa mata kwaɗo.

Akwai wata gwauruwa, Lalla Tuda, wadda gonarta ce ta ƙarshe a magudana. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun shiga kwalekwale zuwa Sifaniya, ba a sake jin duriyarsu ba. Awo uku ne rabonta, kuma kafin ruwan ya isa wurinta yashi ya shanye shi. Shiru-shiru Ba Mbarak ya riƙa tura mata nasa awo bakwai ɗin. Matarsa, Lalla Itto, ba ta sani ba sai da ta je gonarsu ta ga kan itatuwan ya sunkuya ya yi fari. Ta same shi a bakin kantina.

"Mbarak, ina ruwanmu?"

"Ya wuce ƙasa."

"Ƙasa ina? Ruwa yana da ƙafa ne? Itace sittin ubanka ya bar maka, ka tsaya kana kallo suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya! Waliyyi kake son zama? To waliyyi ma yana cin abincin rana!"

Ya ce, "Itto, mu muna da ɗanmu Bassu yana aiko mana daga birni. Ita wa take da shi?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da ranar da aka ba ka kwanon nan." Ta juya ta tafi. Da Juma'a ta zagayo, ita ce ta ɗauki kwanon kuskus ta kai wa Tuda da kanta.

Da a tatsuniya ne, nan ne za a ce ruwan sama ya sauko. Bai sauko ba. Abin da ya zo mana wuta ce. Shekara uku da suka wuce, cikin tsakiyar zafi, bayan azahar, ta tashi a busassun itatuwan yamma, iska ta kore ta. Muka fito da bokitai muka tsaya a bakin magudana, babu ɗigo a ciki. Da yashi muka yi ta watsa mata kamar mahaukata. Kafin la'asar sulusin gonakin Timzurin ya zama gawayi a tsaye, har da ta Tuda, wadda aka kashe itace sittin don ta rayu.

Ba Mbarak ya shiga gida ya rufe ƙofa. Kwana tara bai fito ba, ko masallaci. Na shiga duba shi rana ta biyar, na same shi zaune a ƙasa ya juya wa ƙofa baya, gurasa da man zaitun a gabansa ƙudaje na bi. Na fara yi masa irin maganar da ake yi, ta haƙuri da ƙaddara. Ya katse ni.

"Ɗan'uwana, bar ni. Shekara talatin da takwas ina zaton rai nake raba wa mutane. Ashe mutuwa nake auna musu, kwano-kwano, don kada wani ya riga wani. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in rasa abin da zan ce. Na roƙi ruwa har na ji kunya."

Na tashi na fito.

Lalla Itto ce ta ba mu labarin rana ta tara. Tuda ta zo da sandarta, ta tsaya a tsakar gida, ta ɗaga murya.

"Mbarak! Jiya Talata, ranata ce. Ba ka zo ka kira ni ba."

Daga cikin ɗaki ya ce, "Lalla Tuda, ruwan me zan kira ki? Wace gona?"

"Au, kai a zatonka ban san babu ruwa ba? Na tsufa, amma ban haukace ba. Tun da yaran nan suka tafi, babu wanda yake tsayawa a ƙofata ya kira sunana sai kai. Jiya tun asuba na zauna a bayan ƙofa ina jira, har rana ta take. Sai na ce to, Tuda, yanzu kam in kin mutu sai wari ya sanar da mutane."

Itto ta ce daga nan sai ta ji yana laluben takalmansa.

Washegari ya fito bayan asuba, babu fartanya. Gida goma sha tara suka rage da mutane a Timzurin, kusan duk tsofaffi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana buga ƙofa yana kiran suna, ba ya wucewa sai an amsa. Tun daga ranar bai fasa ba. Shi ya san wanda maganinsa ya ƙare, da wadda tukunyar gas ɗinta ta mutu, da wanda ɗansa ya yi wata biyu bai kira ba har ya daina cin abinci. Shi ya kira Muha wata safiya bai ji amsa ba, ya sa kafaɗarsa mai lafiya ya ɓalle ƙofar, ya same shi a ƙasa rabin jiki ya shanye. Mutumin da ya karya masa ƙashi, shi Ba Mbarak ya yi wata huɗu yana juya shi yana yi masa wanka, har Allah ya karɓi abinsa.

Ya kuma lura ruwan alwalar masallaci, wanda motar tanka take kawo mana, yana bin rariya yana ɓata. Ya sa jarka a bakin rariyar. Ya dasa 'ya'yan dabino goma sha ɗaya a bayan masallaci yana ba su. Bakwai sun mutu. Huɗu suna nan, ba su kai ƙuguna ba.

Wata rana na tsokane shi a kanti. Na ce, "Ba Mbarak, dabino sai ya shekara nawa kafin ya yi 'ya'ya? Wa zai ci? Ko kana ganin ruwa zai dawo?"

Ya ce, "Ruwa ba zai dawo ba. Garin nan ya gama, ni da kai mun sani. Da can ina tashi da safe don ina jiran wani abu, shi ya sa wutar nan ta kusa tafiya da imanina. Yanzu ba na jiran komai. Ina tashi ne don Tuda tana bayan ƙofa. In na kira ta amsa, sai in ce alhamdu lillahi, kuma wallahi ban taɓa jin nauyin kalmar nan a bakina ba sai yanzu da ba ni da komai. Zuba mini shayi, ka cika surutu."

Kai ne, Ba Mbarak, mai rabon da bai ci rabonsa ba. Ba ka ceci gonakinmu ba, ba ka dawo da 'ya'yanmu ba, kuma ba ka taɓa yaudararmu da cewa gobe za ta fi yau ba. Amma cikin shekara ukun nan babu wanda ya mutu a Timzurin ya kwana ba a sani ba.

Yanzu idanunsa sun tafi. Watan jiya ya faɗa cikin busasshiyar magudana sau biyu. Ɗansa Bassu ya zo daga Kazabulanka ya ce ba zai koma ba sai da iyayensa, a yi wa tsohon aikin ido, su zauna wurinsa a hawa na huɗu. Muka taru a masallaci bayan sallar Juma'a don yi masa sallama. Aka yi addu'a, aka yaba masa, kowa ya faɗi alherinsa. Ya saurara har muka gama, sannan ya ce, "Na gode. To wa zai riƙa bin ƙofofin?"

Mu goma sha huɗu ne a wurin. Wannan ya ce gwiwa, wancan ya ce shi ma ɗansa yana nema masa ɗaki a birni. Ni na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ya jira, ya jira, sannan ya miƙa wa Bassu hannu ya ce a tashe shi.

Ranar Lahadi suka tafi.

Mun gode, Ba Mbarak. Mun gode da kafaɗarka, da itatuwan ubanka, da muryarka a ƙofofinmu. Allah ya buɗe idanunka, ya sa ka ga jikokinka, ya shayar da kai ranar da babu mai shayarwa sai Shi. Ka yafe mana shirun da muka yi maka a masallaci.

Ku kuma da kuke karanta wannan, ko a wane gari kuke, ba na ce ku gyara duniya ba. Akwai ƙofa kusa da taku wadda aka daɗe ba a buga ba. Ku tsaya ku kira sunan mai ita, kada ku wuce sai an amsa.

Ni dai ranar Litinin na rufe kanti bayan asuba na gwada. Gida uku na iya. A na farko aka riƙe ni da ƙorafi kan ɗan da ba ya waya, a na biyu na wanke wa tsoho ƙafa mai ciwo, a na uku aka tambaye ni ko Mbarak ya sauka lafiya, aka fashe da kuka. Na dawo kanti na zauna, rana ko ɗagawa ba ta yi ba. Saura gida goma sha huɗu ban je ba, kuma na san a kowanne akwai wanda yake zaune yana saurare.