Gidan da ke kusa da masallaci

Muna tsaye a ƙofar wani gida a unguwar Suwaidi, ni da Baba Idi, direba ɗan Maraɗi, muna hangen masallaci.

Shi ya ce in nemo masa haya kusa da masallaci saboda ciwon gwiwa. A taswirar shafin gidajen haya na intanet, tsakanin gidan da masallacin bai kai faɗin yatsa ba. Har da bugun ƙirji na kawo shi.

Ashe babban titi ne a tsakani, ga shingen ƙarfe, babu gada.

Na ce, "Baba, wallahi taswira ta nuna kusa ne."

Ya yi dariya. "Kusa ne mana, ɗana, ga mai fiffike."

Yanzu sai na taka da ƙafata nake yarda. Ku fa, ina taswira ta taɓa kai ku?